Makon da Muka Raba Gaba da Baya a Shafin Goggo

Goggona, ƙanwar mahaifina, tana karantar da mata a gidanmu na Ƙofar Taramniya tun kafin in yi wayo. Da hantsi suke zuwa su cika rumfar tsakar gida, ita kuma ta zauna a kan buzunta, tabarau a ƙarshen hanci, tana biya musu littafi. Idan an tashi, akwai waɗanda ba sa gaggawar neman takalmansu. Su ne masu tambayar da ba a yi a cikin jama'a, a kan jiki, ko miji, ko gado, ko wani abu da ya tsaya wa mutum a rai. Sai su bi ta ɗaki ɗaya bayan ɗaya, a saki labule. Mu yaran gida mun san ba a giftawa ta wajen a wannan lokaci.

Da na gama karatun kwamfuta na dawo gida, na tarar ɗalibanta da yawa sun watse. Aure da aiki sun kai wasu Gusau, wasu Birnin Kebbi, wasu Abuja. Suna bugo mata waya a kowane lokaci, tana cikin karatu ko tana kishingiɗe, ga shi kunnenta ya fara nauyi. Ni na kawo shawarar a yi mata shafi a yanar gizo, inda za a riƙa ɗora karatunta a saurara, a kuma ware wuri da mace za ta naɗi muryarta ta aiko da tambaya, Goggo ta saurara idan ta natsu, ta mayar da amsa. Ta daɗe ba ta yarda ba. Ranar da ta yarda, abu ɗaya ta tambaye ni: ban da ita, wa zai iya jin muryoyin? Na ce babu kowa, ko ni ba zan buɗe ba.

Ba ni kaɗai na gina shi ba. Ina da abokiyar aiki da muka yi jami'a tare. Kirista ce, iyayenta mutanen Filato, mahaifinta malamin sakandare ne da ya yi ritaya, suna zaune a Mabera. A Sakkwato aka haife ta, Sakkwatancin bakinta ya fi nawa kauri. A wani ɗaki da ke gefen gidansu muke aiki, saboda suna da sola, muna yi wa shaguna da ƙananan makarantu shafuka. Ita ta fi ni ido a kan yadda shafi zai fito a waya, ni kuma na fi son abin da ke gudana a ɓoye.

Kowane shafi irin wannan fuska biyu gare shi. Akwai ɓangaren gaba, wato kod ɗin da yake sauka a wayar mai dubawa ya zana mata hotuna da rubutu da maɓallai. Duk wanda ya san hanya zai iya buɗe shi ya karanta. Akwai kuma ɓangaren baya, wanda ba ya zuwa wayar kowa, shi ke karɓar saƙo ya adana, shi ke riƙe da mabuɗin ma'ajiya. Mabuɗin nan ba ƙarfe ba ne, dogon jerin haruffa da lambobi ne, amma duk wanda ya same shi ya samu hanyar shiga inda muryoyin suke. Ba mu da saba tamu, wato babbar kwamfutar da ke riƙe shafi. A wurin wani kamfani na ƙasar waje muka ajiye ɓangaren baya, a matsayin ƙananan ayyuka da suke farkawa idan an kira su, su yi abin da aka sa su, su koma su kwanta. Mun gina komai a kan wani tsari da masu shi suka saki kyauta, wanda yake raba aiki sashe-sashe: sashen karatu, sashen tambayoyi, sashen shiga da kalmar sirri. Kowane sashe folda ɗaya ce, gaba da baya duk a ciki, tsarin da kansa yake tsince abin da zai tafi waya da abin da zai tsaya. Abin da ya ja hankalinmu gare shi ke nan, ya rage mana wahala. Shafin ya yi aiki lafiya ƙalau fiye da shekara.

A cikin bazara aka fitar da sabon salon tsarin, aka ce duk mai amfani da tsohon ya sabunta don an toshe wasu kafofi. Muka sabunta, muka gwada, komai yana buɗewa, muka ci gaba da sauran ayyukanmu. Bayan wasu makonni wata ɗalibar Goggo da ke Gusau ta aiko mini da saƙo cewa shafin ya yi nauyi, sai ta daɗe tana jira kafin ya buɗe, kuma yana cinye mata data. Na faɗa wa abokiyar aikina da safe ina ajiye jaka. Ta ce bari ta leƙa ta ga abin da yake sauka a waya.

Ina cikin wani aikin na ji fankar ɗakin kawai, ita ta yi shiru. Ba ta iya aiki shiru ba, kullum tana 'yar waƙa ko tana zagin kwamfuta. Na waiga. Ta ɗora hannu ɗaya a kai.

"Ƙawata, taho ki duba wanga abu," in ji ta. "Ki ce mini idona ne."

Na ja kujera. Ta buɗe fayil ɗin da manhajar buɗe shafi ke saukewa, dogon rubutu a cunkushe, ta haska layi ɗaya da shuɗi. Na san farkon haruffan, don ni na ƙirƙiro su. Mabuɗin ma'ajiyar muryoyi ne, kwance a fili, a cikin abin da kowace waya take saukewa.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallonsa ba. Abin da ya fara zo mini shi ne labulen ɗakin Goggo.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun randa munka sabunta, ina jin."

Ita ta fara dawowa hayyacinta. Ta ce in kashe mabuɗin yanzu in yi sabo, ita za ta rufe sashen tambayoyi ta sa sanarwar gyara. Garin sauri na yi kuskuren kalmar sirrina, na sake. Da tsohon mabuɗin ya mutu, duk wanda yake da shi a hannu ba abin da zai buɗe masa. Wannan ya tare abin da zai iya faruwa daga yanzu. Abin da ya riga ya wuce shi ne ba mu sani ba.

Muka shiga tarihin shige da fice da kamfanin yake ajiyewa, inda ake ganin duk wanda ya taɓa ma'ajiyar. Muka bi shi layi-layi. Duk shigar da muka gani ta shafinmu ce, ko ta wayar Goggo. Na fara samun numfashi, sai abokiyata ta gangara ƙasa, rubutun ya ƙare. Kamfanin na kwanakin baya-bayan nan kawai yake ajiyewa, sauran yana gogewa da kansa. Makonnin farko bayan sabuntawar babu su, kuma ba inda za a samo su.

Ta ce, "Ki duba, wa zai zauna shi tona shafin karatun mata? Wanda ma ya san ana iya tonawa bai san da mu ba."

Na ce akwai na'urorin da ba abin da suke yi sai yawo a yanar gizo suna neman irin wannan mabuɗi. Ta san da haka. Ta dai ce akasarinsu abin sayarwa suke nema, ba muryar mata da Hausa ba. Na ce akasari.

Da azahar na hau keke napep zuwa gida. Rana tana dukan rufin keken, iskar da ke shigowa kamar daga bakin tanda. Duk macen da na gani da hijabi a bakin titi sai in ce ko tana cikinsu. Na shirya maganar da zan yi wa Goggo, na rushe, na sake shiryawa. Na yi tunanin in bari sai mun gama gyara, tunda ba mu da shaidar an shiga. Kafin mu kai Ƙofar Taramniya na san ba zan iya zama a gida ɗaya da ita ina riƙe da wannan ba.

Na same ta ta idar da salla tana jan carbi. Na durƙusa a gefen buzun, na jira ta shafa.

"Mi yah hwaru, ɗiyata? Kamar wadda anka koro."

Na yi mata bayani yadda zan iya. Na ce shafin kamar gidan nan ne, akwai zaure da kowa ke shiga, akwai cikin gida. An wayi gari mabuɗin ɗakinta yana rataye a zaure, ba mu lura ba sai yau. Mun canja kuba, amma ya daɗe a rataye.

Ta cire tabarau ta riƙe a hannu. "Wa yaj ji?"

"Ba mu ga alamar kowa ba, Goggo."

"Ba shi nit tambaye ki ba. Wa yaj ji?"

"Ban sani ba. Kuma ba yadda zan yi in sani."

Na zaci za ta yi faɗa, da ta yi ma da na fi samun sauƙi. Sai ta ce a cikin muryoyin nan akwai waɗanda idan suka fita, gidaje za su girgiza, akwai wadda 'yan'uwanta ba za su ƙara gaisawa da ita ba. Ta ce ranar Alhamis, idan mata sun taru, za ta faɗa musu. Na roƙe ta ta dakata. Na ce za a tayar musu da hankali a kan abin da wataƙila bai faru ba, kuma za su daina yarda da shafin, wataƙila har da ita.

"Maganassu ce," in ji ta. "Ba tawa ba, ba taki ba. Ku tahi ku gyara abinku kahin ranar."

Ranar ba ta ci abincin rana ba. Na ga kwanon ya dawo kicin a rufe.

Washegari muka zauna neman ta inda mabuɗin ya bi ya fita. Ba mu sha wahala ba. Akwai wani ɗan ƙaramin fayil da na rubuta wanda yake juya kwanan watan Bature zuwa na Musulunci. Gaba yana amfani da shi don nuna ranar da aka yi kowane karatu, baya kuma yana amfani da shi don sa wa tambaya kwanan wata. Wannan fayil yana leƙa fayil ɗin saituna don sanin lokacin ƙasarmu, a cikin saitunan kuma mabuɗin yake. Tsohon salon tsarin yakan ɗauki layin da ake buƙata kaɗai ya bar saura. Sabon ya kwashe fayil ɗin saitunan ɗungurungum ya aika waya, har ya jawo wasu ayyukan baya tare da shi. Shi ya sa shafin ya yi nauyi.

Gyara wannan wuri ɗaya aikin ɗan lokaci ne. Amma da muka fara bin sauran sassan, sai muka ga irin wannan cuɗanya a ko'ina. A sashen karatu, fayil ɗin da ke zana jerin darussa yana kiran wanda ke magana da ma'ajiya kai tsaye. A sashen shiga, dokar tantance kalmar sirri tana zaune a fayil ɗaya da zanen akwatin da ake rubuta ta. Babu wanda ya fitar da wani sirri a cikinsu, amma duk sun dogara ne da tsarin ya ci gaba da tsincewa daidai.

A nan muka saɓa. Abokiyata ta ce a raba aikin gida biyu kwata-kwata, gaba a wurinsa, baya a wurinsa, kada ma su san da juna sai ta hanyar saƙo. Ni na ce idan muka yi haka mun rushe sassan, duk gyaran da za a yi wa tambayoyi sai an je wuri biyu, wata rana za a gyara ɗaya a manta ɗaya. Na fi son kowane sashe ya zauna a foldarsa, amma a cikinta a yi ɗakuna uku: gaba, baya, da na tsakiya don abin da duka biyun suke buƙata, wanda ba a yarda ya taɓa saituna ko ma'ajiya ba.

"Kuma wa zai hana a sake haɗa su?" ta ce. "Ke da ni? Mu da munka yi makonni ba mu gani ba?"

Muryarta ta ɗaga, tawa ma ta ɗaga. Ba mu taɓa yin haka ba. Na ce mata ita ba za ta gane ba, ba ita za ta zauna a tsakar gidan ranar Alhamis ba. Da na faɗa na ga fuskarta ta canja. Ta ce ita ma hannunta yana cikin shafin nan, kuma tun jiya abinci bai wuce mata ba. Mahaifiyarta ta turo ƙofa da jug ɗin kunun aya mai sanyi, ta dube mu, ta ajiye, ta ce mu sha kafin sanyinsa ya fita, ta fita ba ta tambayi komai ba. Muka sha. Na ba ta haƙuri. Ta ce in bar shi.

A ƙarshe muka ɗauki tsarina muka ɗora masa sharaɗinta. Sassan za su zauna yadda suke, da ɗakuna uku a kowanne, amma za mu rubuta mai gadi: wani ɗan kod da zai bi duk fayilolin kafin a ɗora shafi, idan ya ga wani abu na gaba ko na tsakiya yana kiran na baya, ya tsayar da komai. Bayan an harhaɗa abin da zai tafi waya kuma, ya sake bincike a ciki ko akwai wani abu mai kama da mabuɗi. Mabuɗan kansu muka fitar da su daga fayil ɗin saituna gaba ɗaya, muka kai su wurin ajiyar sirri na kamfanin, inda ayyukan baya kaɗai ke iya karɓarsu a lokacin da suka farka.

Ita ta ɗauki gaba, ni na ɗauki baya. Aiki ne mai cin rai. Ka ɗauke fayil ɗaya, wasu da suka jingina da shi su zube. Duk inda gaba yake miƙa hannu kai tsaye cikin ma'ajiya, sai na rubuta masa ƙofa a baya, ita kuma ta koya wa gaba ya ƙwanƙwasa ya jira amsa. Muna zaune kafaɗa da kafaɗa tana ce mini, "Me za ki ba ni idan na tambayi darussan wata?" ina ce mata suna da tsawo da kwanan wata, ba ƙari. Karo na farko da muka kunna mai gadin, jan rubutu ya cika fuskar kwamfutar har yana gangarawa. Muka riƙa binsa ɗaya-ɗaya. Da la'asar batirin sola yakan yi ƙasa saboda fanka, sai mu kashe ta mu bar wa kwamfutoci wutar, mu yi ta aiki gumi yana bin bayanmu.

Duk wannan lokaci wayata ce abin tsorona. Idan ta yi ƙara sai in ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Na shiga duba zaurukan sada zumunta na unguwa da na dangi, duk saƙon murya da aka turo sai na buɗe da faɗuwar gaba, in ji wa'azi ne ko tallan atamfa. Wata rana ƙanwar mahaifiyata ta bugo ta ce, "Kin ji abin da ke yawo?" Na ce mene ne. Ashe maganar ƙarin kuɗin makaranta take yi.

Alhamis ta zo ba mu gama ba, saura sashen shiga. Na zauna a gida. Mata suka cika rumfa kamar kullum, Goggo ta yi karatunta har ƙarshe ba ta rage komai ba. Da ta rufe littafi ta ce kowa ta dakata. Ina zaune a bakin ƙofar kicin. Ta faɗa musu a taƙaice, ba ta ƙara ba ta rage ba: mabuɗin ya fita na wani lokaci, an canja shi, ba a ga alamar an shiga ba, amma ba za a iya rantsewa ba. Ta ce waɗanda suke nesa za ta kira su da kanta. Ta ce ita ta ce su aiko, don haka ita ke neman afuwarsu.

Wata tsohuwa ta ce Allah shi rufa asiri, aka amsa da amin. Wasu suka fara tambaya a lokaci ɗaya, Goggo ta nuna ni, na taso na tsaya ina amsawa. Wata ta ce ita tambayarta a kan azumi ce, kowa ma ya ji. Aka ɗan yi dariya. Amma na ga fuskokin da ba su yi dariya ba, na ga wadda ta miƙe ta sa takalmi ta fita ba sallama.

Da aka watse, wata mata ta tsaya. Babba ce, za ta yi sa'ar mahaifiyata, ma'aikaciyar gwamnati da ke zuwa daga Ƙofar Kware. Ba ɗakin Goggo ta nufa ba, wurina ta zo. Ta ce a hankali tana so in goge saƙonnin muryarta, a gabanta.

Na ɗauko kwamfuta muka shiga ɗakina. Na nemo fayilolinta ta lambar wayarta, ban buɗe ko ɗaya ba, na nuna mata su a jere, na goge. Na shiga inda ake ajiye kwafin ko-ta-kwana, can ma na goge. Tana tsaye a kaina, tana riƙe da bakin hijabinta.

"Shi ke nan sun tahi?"

"Daga wurinmu sun tafi, Hajiya."

"In wani ya riga ya kwasa fa? Wanga gogewa ta shafi nashi?"

Na so in ce mata e. Na ce, "A'a."

Ta zauna a bakin gadona. Ta ce ba don kanta take ji ba, akwai sunan wani a ciki, kuma yana da 'ya'ya. Ba ta ƙara ba, ni ma ban tambaya ba. Na ce mata duk abin da na sani: cewa da wuya a ce wani ya kula da ƙaramin shafi irin namu, cewa a iya abin da muka gani ba kowa. Ta saurare ni har na gama, ta gyaɗa kai, ta ce Allah ya sa haka. Na raka ta har zaure. Da na dawo ɗaki na rufe ƙofa na yi kuka.

Da yamma Goggo ta kira ni. Ta tambaya me ya sa ma muryoyin suke nan bayan ta riga ta amsa su. Na ce mun bar su ne ko za a buƙaci komawa. Ta ce ita idan mace ta faɗa mata magana a ɗaki, ba ta da inda take ajiye ta, kuma ba ta taɓa buƙatar komawa ba. Ta ce a goge duka na baya, daga yanzu kuma duk wadda ta amsa, a ba mai ita ɗan lokaci ta saurari amsar, sannan tambaya da amsa su tafi tare. Washegari na rubuta wannan aikin a ɓangaren baya na sashen tambayoyi. Shi ne abu na farko da na ƙara bayan raba gaba da baya, kuma ban taɓa ko fayil ɗaya na gaba ba. Abokiyata ta lura da haka, ta ce to ga amfanin wahalarmu.

A farkon mako mai gadin ya wuce ba ja ko ɗaya. Duk da haka muka buɗe abin da zai sauka a waya muka karanta da idonmu, ita ta bi, ni ma na bi. Ya ragu sosai, ɗalibar Gusau ta ce yanzu yana buɗewa nan take. Muka cire sanarwar gyara, muka kuma sa a riƙa ajiye tarihin shige da fice na dogon lokaci.

Kwanaki suka wuce ba wadda ta aiko da komai. Ana sauraron karatu kamar da, amma sashen tambayoyi fayau. Kullum da safe sai na duba, in ga babu, in rasa ko daɗi zan ji ko baƙin ciki. Layin masu jiran Goggo a bakin labule kuwa ya ƙaru, wayarta ta koma yawan ƙara. Ba ta yi ƙorafi ba.

Har yau ba mu ji wata murya ta fita ba. Ban ce ba a kwasa ba, na ce ba mu ji ba, kuma na koyi zama da wannan bambanci, ko da yake akwai ranakun da yake dawo mini sabo. Hajiyar Ƙofar Kware ta ci gaba da zuwa karatu, muna gaisawa, ba ta sake aiko da saƙo ba. Matar da ta fita ba sallama ba ta dawo ba. Goggo ta aika a gaishe ta, aka ce tana amsawa, iyakar abin ke nan.

Tambayoyi sun dawo a hankali, daga na nesa, waɗanda ba su da wata hanya, amma ba su kai yawan da ba. Ta farko ta shigo wata safiya ina shirin tafiya Mabera. Na kai wa Goggo wayarta na ce an aiko. Ta karɓa, ta gyara tabarau, ta dube ni har sai da na gane na fita na ja mata ƙofa. Na tsaya a tsakar gida da jakata a kafaɗa, nesa da taga, har ta gama ta kira ni in zo in sa mata wayar a caji.